A Ƙara wa Ramin Faɗi

Duk garin Wahiguya babu wanda ya iya lallaɓa ransa kamar Boro mai gyaran keke. Shekararsa sittin da biyu, amma kumatu sumul, ba hawan jini, ba ciwon kai. Da haƙori ya fara yi masa tsami, washegari zai sa a cire. Ko kaza ba ya kiwo, wai kada ya saba da ita ta mutu ta bar shi da jimami. Tun ranar da matarsa ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta, shekara ashirin da uku ke nan, ya yi wa kansa alkawari: shi da asibiti, da maƙabarta, da duk inda ake kuka, haihata-haihata. Ya kuwa riƙe alkawarin, har tinƙaho yake da shi.

"Ku dube ni da kyau," in ji shi, yana shafa ƙirji. "Barci nake har da minshari. Wa ya fi ni more duniya?"

Mutum ɗaya ne yake ba shi amsa, Rawogo mai awon gero. Boro ɗan ƙabilar Samo ne, Rawogo kuwa Mosi, ƙabilun biyu kuma abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kullum la'asar sai Rawogo ya turo ƙaton tumbinsa gindin dalbejiyar da Boro yake aiki, da katakon dara a hammata.

"Bawana, share wa ubangidanka wuri."

"Wa ye bawan wani? Tumbi ya riga mai shi isowa! Jira ƙafafunka su ƙaraso tukuna."

"Kai dai ajiyayye ne, Boro," Rawogo kan ce yana zuba 'ya'yan dara a gurabe. "Kamar sabon keke a kwali. Ba a taɓa yi maka faci ba, ba ka kuma taɓa zuwa ko'ina ba."

Shekara talatin suna haka. Ana nan sai wata rana Rawogo ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa ya shanye.

Boro ya yi niyyar zuwa, kada mu ɗauki alhakinsa. Har ya kai bakin lungun gidan, sai ya jiyo ƙaurin magani ana turarawa, ya juya. Ya aika da zabi biyu. Mako na gaba ya aika da sukari. Saƙo ya dawo ta bakin maƙwabta: "Rawogo ya ce a gaya wa bawansa ɗakin yana son shara." Boro ya yi dariya ya ce gobe. Gobe ta koma jibi, jibi ta koma damina. Ya sake hanyar zuwa aiki, yana zagaye ta bayan tasha. Ran nan ya hango Sibdu, matar Rawogo, a kasuwa, sai ga shi, dattijo mai furfura, a tsugune bayan buhunan albasa har ta wuce. Da ya miƙe, mai albasar ko kallonsa bai yi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Yakan ce wa kansa ai don ya riƙa tuna abokinsa da ƙarfinsa ne. Ƙarya yake yi, kuma ya sani. Tsoro ne kawai.

Wata bakwai cif, rannan da hantsi Sibdu ta tsaya a kansa yana cikin ɗaure sarƙar keke. Ta rame, idanunta sun bushe.

"Ubangidanka ya tafi da asuba," ta ce. "Yau za a sa shi a makwancinsa."

"Allah sarki... Sibdu, kin san ni da..."

"Na san ka. Shi ma ya san ka. Amma ya bar wasiyya, ya ce babu ɗan Samon da zai shiga raminsa sai kai. Na isar." Ta juya ta tafi, ba ta jira amsa ba.

Abin da al'ada ta ce ke nan. In Mosi ya cika da shekarunsa, abokin wasansa ne yake riga gawa shiga kabari, ya yi zamansa, ya tsokani mamaci har masu kuka su dara, kuma ba ya fitowa sai an ba shi abin fansa. In babu wannan, sai a ce an binne mutum kamar baƙo. Boro ya san in ya ƙi, ya tozarta Rawogo a gaban gari. Sai ya lallashi kansa, ya ce ai wannan ba kuka ba ne, wasa ne, wasa kuwa ya iya.

Don kada ya haɗu da gawa a gida, ya wuce maƙabarta kai tsaye. Ya tarar an gama haƙa. Ya dira ciki, ya zauna a kan danyar ƙasa, ya miƙe ƙafa. Can ya ji jama'a sun iso sun kewaye ramin, daga ƙasa ba ya ganin komai sai kawuna da sararin sama.

"Fito mana, ɗan Samo!" wani dattijo ya ce, kamar yadda aka saba. "Mai ɗaki ya iso."

Boro ya gyara murya. "Ba inda za ni! Wa ya haƙa wannan ɗan akurkin? Ina Rawogo zai shiga nan? Tumbin kaɗai sai an yi masa nasa kabarin. Ku ƙara faɗi, na ce! Mutumin da ya cinye rabin geron da aka ba shi awo? Ƙarti nawa suka ɗauko shi, goma? Ku duba ko bayansu bai karye ba!"

Ya tsaya yana jiran dariya. Shiru. Wata mata ta ja numfashi. Dattijon ya kawar da kai.

Sai aka sauke makara a bakin ramin, Boro ya miƙe tsaye ya duba. Mutum biyu ne suka ɗauko ta, ko gumi ba su yi ba. Abin da ke naɗe cikin farin ƙyalle bai fi damin kara ba. Babu tumbi, babu komai. Ciwo ya cinye Rawogo tun tuni, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya sani, har mai albasa. Mutum ɗaya ne bai sani ba a duk garin, shi ne amininsa na shekara talatin.

Kunya ta rufe Boro tun daga kai har ƙafa. Ya so ya gyara wasan, amma da me? Bai san da me Rawogo ya yi dariya a wata bakwan nan ba, bai san me ya ci ba, bai san ko yana iya magana sosai ba. Da ramin zai rufe da shi a lokacin, da ya gode.

Sibdu ta ratsa maza ta zo bakin kabarin, babu wanda ya hana ta. Ta kwance wani ƙunshi, sai ga katakon dara.

"Ga fansarka," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Kullum la'asar sai ya sa na ajiye masa wannan a kan tabarma. Da hannun da ya rage masa yake zuba 'ya'yan, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wasansa na farko, sannan ya zuba wa ƙofa ido har rana ta faɗi. In na ce zan kwashe, sai ya ce bari, matsoracin yana hanya."

Boro ya miƙa hannu ya karɓa. Wani abu da ya danne shekara ashirin da uku ya taso masa, ya fashe da kuka irin na yara, har da majina, a gaban Mosin da ya zo ya ba su dariya. Ya kasa hawowa.

Sibdu ta sunkuya, ta miƙa masa hannu.

"Fito, Boro. Shi ya sha wuyarsa, ya sha daɗinsa, ya gaji, yana son kwanciya. Kai me ka yi da za ka tare masa wuri?"