Kafin Gam Ya Kama

"Riƙe nan," in ji Baba. "A'a, ba can ba, nan inda fiffiken ya haɗu da jiki."

Auta ta ajiye jakarta a bakin gado ta kama. Hannun dama ya tallafi fiffiken, na hagu ya danne gangar ɗan jirgin katakon, yadda ta saba. Sai da yatsunta suka ji sanyin gam sannan ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Goma da minti ashirin da biyar.

Ƙarfe sha biyu ake jiranta. Shugabar ɗakin gwajin jini na asibitin da take aiki ta kira ta ranar Alhamis, ta faɗa mata ba kwana-kwana: hutun wata biyu da ta ɗauka don jinyar mahaifinta ya zama wata goma sha huɗu, an gaji da rufa mata asiri. In ta sa hannu a takardar komawa aiki kafin sha biyun ranar Litinin, kujerarta na nan. In lokacin ya wuce, akwai mai jira. Yau ce Litinin ɗin, kuma daga gida zuwa asibiti tafiyar minti arba'in ce, in bas bai tsaya jiran cika ba.

"Baba, ka san yau zan fita."

"Wa ya hana ki? Gam kawai zai kama."

Shekara arba'in Baba yana kafinta kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ƙwace masa hannun hagu da rabin ƙarfin ƙafa. Likita ya ce a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsun da suka rage. Sai Yaya, babban ɗansa da ke aiki a wata ƙasa, ya aiko da kwali: jirgin sama na katako gunduwa-gunduwa, sirara, da takardar zane, da kwalbar farin gam. Ranar da saƙon ya iso Auta ta yi godiya a waya, amma a ranta cewa ta yi, mutum ya iya aiko da jirgi, ya kasa hawa ɗaya ya zo ya ga ubansa.

A jikin takardar an zana 'yan maƙalai guda huɗu, irin na shanya, waɗanda ake matse katako da su har gam ya kama. Baba ne ya buɗe kwalin, ya ce babu su a ciki. "Ba su sako ba. Masu kamfanin yanzu ba tsoron Allah." Ta ce bari ta ciro na igiyar shanya, ya ce za su tauna katakon. Ta kawo robar ɗauri, ya ce za ta lanƙwasa shi. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Auta. Ara mini naki." Tun daga ranar ta zama ita ce maƙalin.

Rubutun kwalbar bai da wuyar ganewa: a matse minti talatin, kada a taɓa sai bayan awa ashirin da huɗu. Amma a hannun Baba minti talatin awa guda ce, wani lokaci har da ɗoriya, domin lafta gam yake yi har ya riƙa tsattsafowa ta gefe. Auta kuwa 'yar kafinta ce. Tun tana 'yar shekara bakwai, zaune kan buhun dusar katako a shagonsa, ya koya mata cewa gam kamar gishiri yake. In ya yi yawa, sama ta bushe ciki yana ɗanye. Ta san ya sani. Wata uku ke nan tana kallon abin da yake yi tana haɗiye maganar, saboda a cikin awar nan kaɗai yake buɗe baki ya yi hira, ya ba ta labarin marigayiya mahaifiyarta da na ƙofofin da ya yi wa mutane. Da gam ya kama sai ya koma kallon sama.

Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda da ƙyar aka shawo kanta ta yarda ta riƙa wuni da shi, ta leƙo daga falo da carbi a hannu.

"Ke 'yar nan, ba ki tafi ba? Kawo in riƙe masa abin wasan nasa."

"Ke?" in ji Baba. "Ke da kofin shayi ma sai kin raba shi da zaninki?"

"To sannu, injiniya. In an gama ka ɗauke ni a ciki."

Gaskiyarsa ce, hannun Gwaggo rawa yake yi. Auta ta ɗan sassauta yatsa ɗaya ta gani. Nan take fiffiken ya sunkuya, farin gam ya leƙo. Ta yi maza ta mayar. In ta saki yanzu, fiffiken zai zame, katakon da ya sha jiƙa zai tsage, kuma babu wani a kwalin. Aikin wata uku ne, da hannu ɗaya. Goma da minti hamsin. Zufa ta gangaro mata ta bayan kunne ta shiga wuyan rigar da ta goge tun safe, ba hannun sharewa.

Waya ta yi ƙara a cikin jaka. Gwaggo ta lalubo ta, ta danna, ta kara mata a kunci a juye, sai da Auta ta karkata kai sannan ta ji muryar shugabarta.

"Kin taso kuwa? Takardar na kan teburina. Sha biyu daidai za a zo a karɓa."

"Ina hanya, ranki ya daɗe."

Gwaggo ta janye wayar, ta dubi Auta, ta dubi Baba, ta ja carbinta ta koma falo. Baba ya ji ƙaryar. Ya shiga gyara murfin kwalbar da babu abin da ya same shi.

Gaba kura, baya sayaki. Abin da Auta ta ji ba tausayi ba ne, haushi ne. Haushin Yaya, haushin jirgin, haushin tsohon nan da take so fiye da kowa a duniya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

"Baba, gam ɗin ya yi yawa."



"Na sani."

"Kullum yana yin yawa."

"Na ce na sani." Ya ɗaga kai sama. "Allunan silin ɗin nan arba'in da biyu ne. Uku an buga su a karkace, ban san wane ragon ya yi aikin ba. Su nake kallo in kina wanki, su nake kallo in kin tafi karɓo magani. Amma in kina riƙe da wannan, ba kya duba waya, ba kya tashi leƙa tukunya. Zama kike yi."

Idanunta suka ciko. Ba ta iya sharewa ba, ta bar su.

"In ban je yau ba, na zauna ke nan, Baba. Ba zan saki in ɓata maka aiki ba. Amma ina tsoron ranar da zan wayi gari ina jin haushinka, kuma wallahi ta kusa."

Agogo ya nuna sha ɗaya da minti biyar. A waje wani mai babur ya wuce yana danna ham.

Baba ya cusa hannunsa mai lafiya cikin rigar matashin kai, ya daɗe yana lalube, ya fito da wani ƙullin hankici. Da haƙori ya kwance shi. 'Yan maƙalai huɗu suka zubo kan tebur, sababbi fil, ko ɗigon gam babu a jikinsu.

Bai dube ta ba. Ya sa babban yatsa ya kwashe gam ɗin da ya tsattsafo, shafa ɗaya, ya goge a wandonsa yadda yake yi a shago. Sannan ya ɗauki maƙalan ɗaya bayan ɗaya yana ɗana su tsakanin yatsunta, biyu a gaba, biyu a baya. Ko minti ɗaya abin bai ɗauke shi ba.

"Saki."

Ba ta saki ba.

"Na ce saki. Ni ne kafintan ko ke?"

Ta buɗe hannu a hankali. Yatsun sun sage, gam ya bushe a kansu ya yi farar fata. Fiffiken ya tsaya cak, bai ko motsa ba.

"Kada ki jira bas, hau babur," in ji shi. "Kuma ki wanke hannun nan, kada su ce 'yar kafinta ta zo ɗibar musu jini."

Ta ɗauki jaka. Ba ta tsaya wanke hannu ba. A bakin ƙofa ta juyo. Ya jawo kujerarsa dab da tebur, ya ɗauko shanyayyen hannunsa da ɗayan ya ajiye shi kusa da jirgin, a daidai inda nata yake zama.

"Baba, zan dawo kafin magariba."

"Je ki abinki," ya ce, idonsa na kan fiffiken. "Kwalbar ta ce awa ashirin da huɗu. Ni dai ba inda za ni."