Gorar Inno a Kan Babur

A duk unguwar Zango babu wanda bai san sunan Suma'ila ba, tun ranar da ya sayi tsohon babur a hannun wani sojan Faransa da ke haɗa kayansa zai koma gida. A gidansu ne kaɗai sunan ba ya aiki. Matarsa Hajjo Maigida take ce masa. Mahaifiyarsa Inno kuwa, da yake ɗan fari ne, tun da ta haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Kai wannan," shi ke nan. Ya yi gemu, ya tara 'ya'ya, amma abin yana nan yana sosa masa rai, ko da yake ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba.

A daminar da ƙasa ta karɓi mulkin kai, ƙanwarsa Ramlatu ta haihu a Gaffati, aka aiko cewa sunan Inno za a sa wa jaririyar. Inno ta ce sai ta je. To, ciwon baya ya daɗe da raba ta da jaki, motocin gari kuma duk an kwashe su suna jigilar mutane da tutoci don biki. Suma'ila ya ji zuciyarsa ta yi tsalle.

"Inno, ga babur. Kafin ki gama addu'ar tafiya mun isa."

"Wannan farar mai tsalle?" Ta dubi bango, ba shi ba. "Na ga yadda take watsa ka a ƙofar gida."

Ta sa Hajjo ta cika gora da kindirmo, aka toshe bakinta. "Kai wannan, ɗaura ta a gaba, ka je bayan duwatsu ka dawo. Abin da ya sami nonon nan, shi zai sami bayana."

Ya ɗaura, ya tafi da ƙura, ya dawo yana washe baki. Hajjo ta buɗe gora, ta leƙa, ta zauna a ƙasa don dariya. Man shanu ne ya taso curi guda, kamar Bafulatana ta wuni tana kaɗawa.

"Maigida, ashe sana'a ka sayo mana ba mu sani ba."

Inno ta ja zanenta ta shige ɗaki.

Laifin na Suma'ila ne, ya kuma sani. Ƙafar gaban babur bututu biyu ke riƙe da ita, a cikin kowanne akwai mai da wani murɗaɗɗen ƙarfe da makanikai ke kira rasor, shi ke shanye dukan hanya. Shi kuwa jikan madugai ne, ya tashi yana jin cewa kayan da za su shiga daji ɗaure su ake yi tamau. Saboda haka tun farko ya je wurin dukawa aka yanko masa faya-fayan kirgi, ya cusa su a kan rasor har ya daina motsi, ya ɗura baƙin man kamiyo, babbar motar kaya, mai kaurin zuma. Da ya gama har yabon kansa ya yi.

Yanzu sai ya ɗora babur a kan turmin Hajjo, ƙafar gaba na lilo, ya ɗauko lakile, ƙarfen kwance noti, ya kwance murafan bututun. Ya zazzage kirgin kaf, ya tsiyaye baƙin man, ya zuba mai ruwa-ruwa. Da ya sauke ya danna kan, sai babur ya durƙusa ya taso a hankali. Suma'ila ya yi ta dannawa yana dariya shi kaɗai. Bai jira komai ba ya haye, amma ramin farko da ya faɗa sai ya ji ƙwas, ƙarfe ya daki ƙarfe, har haƙoransa suka amsa. Ya yi laushi da yawa ke nan.

Aka koma kan turmi. Ya mayar da kirgi kaɗan, ya gwada, ya ƙara, ya rage. Hajjo tana tsaye da taɓarya tana jiran turminta, tana cewa yau tuwon rasor za a ci a gidan. Can da la'asar ya danna, kan ya sauka rabi ya dawo ba tare da ya yi tsalle ba. Ya nemi sabuwar gorar kindirmo. Wannan karon ya bi ta kwazazzabo, ya bi ta tsakuwa, yana kallon bututun suna shiga suna fita kamar masu numfashi, hannunsa ko girgiza ba ya yi. Murna ta cika shi har ya kama waƙa.

Inno da kanta ta buɗe gorar. Ta leƙa, ta sa ludayi ta juya, ta ɗanɗana. Kindirmo yana nan yadda aka zuba shi.

"Gobe da hantsi," ta ce wa bango.

Washegari da hantsi aka naɗa mata bargo a baya, ta zauna a karkace, ta damƙi rigarsa da hannu biyu. Suka fita gari ana ta kaɗe-kaɗe. Hanya ta shiga gonaki, gero ya yi kore shar ya kai ƙugu, iskar damina tana dukan fuska. Suma'ila yana tafiya sannu kamar mai ɗauke da ƙwai, kowane rami sai ya ji gabansa ya faɗi, amma ƙafar gaba tana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. A bayansa salatin Inno ya yi ta raguwa, har ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan shirun ya fi komai tsorata shi. Da suka sauko wani fili mai shimfiɗaɗɗen rairayi, sai ya ji ta buga kafaɗarsa. Ya ce a ransa shi ke nan, sauka za ta yi.

"Suma'ila," ta ce a kunnensa, muryarta kamar ta yarinya, "iyakar gudunsa ke nan? Ƙara masa wuta."

Saura kaɗan ya afka gonar mutane. Ya gyara kan babur, idonsa ya kawo ruwa, ba kuma iska ce ta jawo ba. Sai kwaɗayi ya kama shi.

"Na'am, Inno? Wa kika kira? Ƙarar inji ta hana ni ji."

Inno ta ƙara damƙe rigarsa.

"Kai wannan, ka ji ni sarai."

Suma'ila ya murɗa wa babur wuta har ƙarshe.