Ranar da Tafinta Ta Ƙi Sa Zuma

Shekara goma sha biyu tafinta tana aiki a ɗan ɗakin gilashi na bayan zauren taro, kuma an san ta da abu guda: baƙar magana in ta shiga kunnenta, da zuma take fitowa. Wakili ya yi zagi, ita ta ce "muna da ɗan saɓani". Sau nawa ta hana wasu manyan ƙasashe biyu tashi baram-baram.

Sai ƙasashen suka yi rikici kan wata tashar jiragen ruwa, bam ya faɗa kan rumbun da ƙanenta yake dako. Takalminsa kawai aka kawo wa mahaifiyarsu, shi ma ƙafa ɗaya.

Ranar sulhu zauren ya cika da 'yan jarida da iyalan mamatan. Wakilin ƙasar da ta jefa bam ɗin ya karanta ta'aziyya, sannan ya karkata wajen mataimakinsa, ya manta makirufo a kunne yake, ya ce da yarensu:

"'Yan dako ne fa. Wa ya damu da su?"

Abokin aikinta ya riƙo hannunta. "Yaya, don Allah ki yi kamar ba ki ji ba."

Ta fizge hannun, ta danna maɓalli, ta juye wa zauren maganar yadda take, har da 'yar dariyar da wakilin ya haɗa da ita. Sai ta maimaita a hankali, don mahaifiyarta tana layi na uku, kuma kunnenta ya fara nauyi.