Gilashi a Gaba, Kyauro a Baya

Wutar da ta cinye fadamar kyauro ta ƙauyen Kumupai ba daga sama ta faɗo ba. Wani ne ya cinna wa ciyawa don ya koro barewa, ya tafi gida ya yi kwanciyarsa. Haka mutanenmu na yankin Rupununi ke yi duk rani, in ka yi magana a ce ai haka muka tarar. Kyauron da ake kibiyar harbin kifi da shi ya zama toka, sai guntaye waɗanda ba su kai tsawon hannu ba.

Alwin bai daɗe da dawowa daga makarantar sana'a ta birni ba aka kira taro. Kawunsa Dunstan ne Toshao, wato mai gari, kuma ɗan Toshao ɗin, Cletus, shi ya fara miƙewa.

"Ba kyauro, ba kibiya. Ba kibiya, ba kifi," in ji Cletus. "Yara su yi ta cin garin rogo gaya? Ga taru na sayo daga tsallaken iyaka, ja ɗaya kowa ya cika tukunya."

Tun kaka da kakanni taru bai taɓa shiga tafkin Kumupai ba. Maharbi yakan zaɓi babban kifi, ya ƙyale ƙanana da masu ƙwai. Amma aka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

"Taru ya san babba da ƙarami ne?" Alwin ya faɗa da ƙarfi. "Ku je ku ga tafkin maƙwabtanmu da suka sa taru, ko kwaɗo ya yi ƙaura!"

"Sassauta, ɗana," in ji Toshao. "Ihu ba ya cika ciki. Ka kawo kibiya ranar kamun kifin gayya. In babu, taru zai shiga."

A bayan masaukin baƙi akwai karyayyun sandunan tanti da masu yawon buɗe ido suka zubar, irin na zaren gilashi da aka daskarar da danko. Ba sa ruɓewa, ba sa lanƙwashewa. Alwin ya ɗaura wa ɗaya tsinin ƙarfe mai kunne, ya tafi tafki, Cletus na biye da shi don kallo. Kibiyar ta ratsa ruwa tsaf, ta soki wani ƙaton kifi irin wanda ake kira lukanani. Kifin ya nutse da ita. Suka jira. Shiru.

Kibiyar kyauro takan taso, maharbi ya bi wutsiyarta da kwalekwale har kifi ya gaji. Wannan kuwa ta tafi ke nan.

"Sannu, Injiniya!" Cletus ya riƙe ciki don dariya. "Ka ba kifi sandar dogarawa. Gobe sai ka kai masa hula."

Alwin ya wuce fadamar da ta ƙone, ya tsinto guntayen da kowa ya raina. Gilashi zai yi gaba don nauyi da ƙarfi, kyauro ya yi baya don ya taso. Sauran aiki yana wurin haɗin. Ya kai wa Goggo Hermina, wadda ke murza zaren wani tsiro mai suna kurawa a cinya tana kuma dafa baƙin danko na kakin zuma da ƙaro.

"Auren Bature da 'yar fadama za ka ɗaura?" ta ce. "Miƙo, mu ga ko za su zauna."

Ya huda bakin kyauron, ta shafa danko da zafinsa, ya zura sandar, ta naɗe da zare tamau. Ya jefa a randa: ta nutse. Ya rage gilashin: ta kwanta kamar kara, ba ta da nauyin ratsa ruwa. Kwanaki yana yanka yana gwadawa, yatsunsa duk ƙuna, har ya sami wadda ta tsaya a ruwa tsini ƙasa, wutsiya sama.

Ranar kamun gayya gari ya taru a bakin tafki, tarun Cletus na naɗe a kwalekwalensa. Alwin bai ɗauki baka ba. Ya durƙusa gaban Toshao, ya miƙa kibiyar da hannu biyu.

"Kawu, ba mai hannunka a garin nan. In na harba za a ce sa'a ce."

Tsohon ya jujjuya ta, ya ɗora ta kan yatsa. "Kai, wannan muni! Rabi kura rabi akuya." Duk da haka ya hau goshin kwalekwale, Alwin na tuƙi a hankali. Can wata inuwa ta gifta a gindin wani kututture. Toshao ya ja tsirkiya ya saki. Ruwa ya tsage, kibiya ta ɓace.

Tafki ya kwanta lumui. A bakin gaɓa Cletus ya fara kwance igiyar taru.

Sai ga ƙonanniyar wutsiyar kyauro ta ɓullo, tana karkarwa, tana yanka ruwa ta nufi tsakiya.

"Tuƙa mana, ɗan nema!" Toshao ya daka masa tsawa yana dariya. "Ka tsaya kallo kifina zai tsallake!"

Da suka ɗago kifin, tsawonsa ya kai na hannun mutum, ɗaurin Goggo kuma ko gezau. Toshao ya ɗaga kibiyar sama, ba kifin ba.

"Cletus, naɗe kayanka. Tafkin nan na baka da kibiya ne. Duk mai guntun kyauro ya kai wa ɗan ƙanwata."

Maza suka watse suka nufi fadama. Cletus ya daɗe yana kallon tarun, sannan ya matso yana susar ƙeya.

"Taubashi, tawa dai a zaɓa mata kyauro mai kauri."

"Bi layi," in ji Alwin.