Ba Komai, Sau Ashirin da Biyu

Turken ƙarfen ya fito da ruɓaɓɓen katako manne a gindinsa, kamar haƙorin da aka cire da namansa. A jikinsa yayata Mal-ja ke ɗaure jirgin kamun kifinta tun mijinta Deok-bae yana raye. Iskar da ta tumɓuke shi ma ba wata iska ba ce, ko shanya ba ta kwashe mana ba. Jirgin ya sulale ya je ya daki duwatsu, cikinsa ya tsage.

Gadar da muke ɗaure jirage ta hukumar gari ce, haka aka rubuta a allon bakinta. Amma a kanta muka girma. A nan iyayenmu mata ke gyaran raga suna gulmar mazajensu, a nan Deok-bae ya faɗa ruwa garin kallon Mal-ja, muka yi shekara muna masa dariya. Wallahi har yau in na taka katakon nan sai zuciyata ta karye.

Ɗan Mal-ja da ke birnin Busan ya yanke hukunci ta waya: in jirgi bai koma ruwa ba kafin bazara, zai zo ya kwashe ta zuwa gidansa a bene hawa na sha huɗu. Mace mai shekara saba'in da ɗaya, da ba ta taɓa kwana inda ba a jin teku ba! Gyaran ya fi ƙarfinta, sai dai in hukuma ta ɗauki laifi. Na raka ta ofis, ina cika baki a mota cewa yau za su san mu ba kanwar lasa ba ne.

Wata ma'aikaciya mai suna Seo ta karɓe mu da shayin sha'ir, ta ajiye wani fayil mai kauri. Ta bayyana a hankali cewa hukuma tana biya ne in an sanar da ita lalacewa ta yi burus. Ta ce shekara ashirin da biyu ana aika mai dubawa, kuma duk shekara amsarmu ɗaya ce.

Sai na tuna da tsoho Pyo, mai dubawar. Duk kaka yakan zo da jakarsa, mu zaunar da shi a kan gada, mu cika shi da romon kifi da giyar shinkafa. In ya tambayi Deok-bae, shugaban masunta, yaya gada, sai ya ce ba komai. To me zai ce? Baƙo da cokali a baki za ka kai wa ƙara? A garinmu ko ƙafarka ce ta karye aka tambaye ka, ba komai za ka ce. Da Pyo ya juya baya, maza su ɗauko guduma su yi faci. Ashe bawan Allah rubutawa yake yi.

Na miƙe zan tada jijiyar wuya, Mal-ja ta ja ni na zauna.

"Mal-sun, bar ihu, ba kasuwar kifi muke ba."

"Yaya, cin fuska ne fa. Gaisuwa ce, ba shaida ba."

Ba ta ko dube ni ba. Shafukan take buɗewa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasan kowanne akwai jan hatimin Deok-bae, kullum a karkace, domin mutumin nan bai taɓa buga hatimi a miƙe ba. Wani shafin har da tabon romo. Ta ɗora yatsa a kai ta daɗe, ta yi murmushi, ta ce ko a takardar aurensu haka ya buga shi. Daga nan ta tambaya ko za a ba ta kwafi. Seo ta ce za a ba ta.

Da muka tashi, Seo ta rako mu har ƙofa, fayil ɗin a rungume, idonta ya yi ja.

"Iya, ki yafe mana. Yanzu yaya za ki yi?"

Mal-ja ta rusuna mata kamar yadda aka koya mana tun muna yara.

"Ba komai, 'yata."

Na ƙura wa biron da ke hannun Seo ido. Ta ga ina kallo, ta mayar da shi aljihu.