Reshen Inabin Baba Tsona

Ni da Stoil ya da ƙanwa muka aura, shi ya sa tun muna samari ba ya kirana da sunana, sai dai "bajanak", wato mijin 'yar'uwar matarsa. Tsohon direban bas ne, ya san kowane rami da ke hanyoyin garinmu Troyan, amma bai taɓa ƙetare iyakar Bulgeriya ba. Ni ma haka. Abin da ya fitar da mu mahaifiyarsa ce, Baba Tsona.

A wani ƙauye kusa da garin Drama, can ƙasar Girka, aka haife ta, tana 'yar ƙarama yaƙi ya tashe su. Ta manta kamannin gidansu, ta manta sunayen maƙwabta, amma ba ta manta inabin da mahaifinta ya dasa ba. Da sanyin bana ya fara sauƙi, lokacin datse inabi ya zo, sai ta ce wa Stoil ya je ya samo mata reshe ɗaya, tana so ta dasa a ƙofar ɗakinta.

"Amma roƙa za ka yi," in ji ta. "Gidan na mutane ne yanzu. In sun hana, ka gaishe su ka dawo."

'Yarsa Bilyana ta karɓi wayarsa ta zuba masa manhajoji. Ɗaya ta nuna hanya, ɗaya ta faɗi ko za a yi ruwa, ɗaya kuma ta fassara magana.

"Tate," in ji ta, don haka muke kiran uba, "ka danna nan ka yi magana, sannan ka jira ta gama. Ka ji? Ka jira."

"Shekara nawa ina jiran uwarki ta gama magana? Na iya jira."

Mai nuna hanyar muryar mace gare ta, kuma tun daga birnin Sofiya suke rigima da Stoil. Ta ce dama, ya ce ƙarya take yi, ya bi hagu, muka ɓata, ya dawo ya bi dama yana cewa dama can abin da ya yi niyya ke nan. Duk da haka ita ta kai mu har ƙofar gidan: katanga fara, ƙofa shuɗiya, ga rassan inabi sun leƙo ta saman katangar, ba ganye ko ɗaya.

Stoil ya cire hularsa. "Shi ne, bajanak. Ka gan shi nan."

Wata dattijuwa ta buɗe ƙofar, gajeriya, da baƙar riga da silifas. Daga baya muka ji sunanta Kiriya Fotini. Stoil ya danna wayar, ya karanto jawabin da ya haddace a hanya, tun daga kakansa har zuwa ciwon gwiwar Baba Tsona. Wayar ta juya shi zuwa Girkanci. Matar ta saurara, hannunta a ƙirji. Da aka zo kan maganar reshe sai ta gyaɗa kai sama da ƙasa da ƙarfi, ta ce, "Ne! Ne, ne!" Ta juya da sauri ta shige, ta turo ƙofar.

Mu 'yan Bulgeriya tun muna goye in an ce mana "ne", an hana ke nan. In kuma aka haɗa da gyaɗa kai sama da ƙasa, to an rufe magana. Stoil bai jira wayar ba, ya cusa ta a aljihu.

"Ka ji ko?" in ji shi. "Har sau uku."

"Na ji. Mu tafi. Ka tuna abin da Baba ta ce."

"In koma in ce mata me? Na je, na gaishe su?"

Ya dubi titin, ba kowa sai wata kyanwa. Kafin in buɗe baki ya zaro wuƙar aljihunsa, ya ɗaga hannu, ya yanko reshen da ya leƙo, ya zura shi cikin hannun kwat ɗinsa.

"Stoil, sata ce fa."

"Kakana ya dasa shi. Yi mini shiru, malamin coci."

Ba mu kai ga mota ba muka ji ƙofa ta buɗe. Kiriya Fotini ce ta biyo mu tana ɗaga murya, riƙe da wani ƙaton almakashi.

"Bajanak, gudu!"

Wane gudu? Ni da tumbina, shi da hannu ɗaya a sandare saboda reshen. A gindin wata bishiya ta cim mana, tana haki muna haki. Na zura hannu a aljihunsa na ciro wayar, na danna, na miƙa mata ita daga nesa. Ta zazzaga magana. Muka jira. Sai muryar wayar ta ce, cikin natsuwa:

"Ina za ku? Na ɗora kofi. Ku wane irin mutane ne, ku roƙi abu a ba ku, ku gudu?"

Stoil ya ƙwace wayar. "Ai kin ce 'ne'!"

"Ne!" in ji ta, ta sake gyaɗa kai.

Wayar ta ce, "I."

Sai a lokacin na tuna na taɓa jin wannan a matsayin labarin ban dariya, cewa "a'a" ɗinmu ita ce "i" ɗin Girkawa. Amma kunne ba ya tsayawa neman shawara. Ƙofar ma da ta rufe, don kada kajinta su fito ne.

Ta tasa mu gaba zuwa cikin gida, ta zaunar da mu a rana, ta kawo kofi da ɓaure dafaffe cikin sukari, kowa da cokalinsa. Stoil ya kasa ɗaga kofin, don hannun damansa ba ya lanƙwasuwa. Fuskarsa ta yi ja. Na san shi, ba zai iya shan kofin mutum da kayan mutumin a cikin rigarsa ba. Ya miƙe, ya zaro reshen, ya ajiye a kan tebur.

"Baiwar Allah, na ɗauka kin hana, sai na yanka. Ga shi. In kin ce in fita, zan fita."

Ta saurari wayar, ta ɗauki reshen ta jujjuya shi. Sai ta fashe da dariya har tana dukan cinya, ta share hawaye, ta jawo wayar kusa da bakinta.

"Wannan? Marigayi mijina ya sayo shi a kasuwa. Tsami gare shi, tsuntsaye ma ba sa ci. Ɓarawon da bai san kaya ba! Taso in nuna maka."

Inabin kakan Stoil a bayan gidan yake, kusa da rijiya. Gindinsa ya kai kaurin cinyata, ya murɗe, ya tsattsage, an tokare shi da ƙarfe. Ta ce haka surukanta suka tarar da shi, kuma a gidan ba a kiransa da komai sai "inabin Bulgar", wato na mutumin Bulgeriya. Stoil ya dafa shi. Ita ta zaɓi rassan da kanta, ta datse cikin hannu guda, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Na tsamin ma ta cusa masa a aljihu, wai ya dasa don ya riƙa tuna ranar da ya shiga sana'ar da ba tasa ba.

A hanyar dawowa abin ya hana ni sakat. Na ce, "Stoil, tsaya mu duba. Ta riga ta ba ka kafin ka yanka, ke nan ba ka ɗauki abin da aka hana ka ba. Amma kai a zuciyarka ka san an hana, ke nan ka yi sata. Kuma abin da ta ba ka daban, wanda ka yanka daban. To, wanne za a rubuta maka?"

"Bajanak, in ba ka yi shiru ba zan sauke ka a nan, ka tambayi yarinyar cikin waya hanyar gida."

Har yau ban warware shi ba. Shi kuwa waƙa ya yi ta rerawa har muka wuce iyaka.

Mun tarar da Baba Tsona a bakin murhu. Stoil ya zayyana mata komai, har da wuƙar, bai rage ba. Ta kira shi jaki, ta sa shi ya maimaita wurin gudun, ta yi dariya har da tari. Sannan ta kwance tsumman, ta shinshina rassan, ta ce a kawo mata sandarta ta nuna inda za a haƙa.

"Maiko," in ji Stoil a hankali, don haka muke kiran uwa, "kin san fa sai ya shekara uku kafin ya yi 'ya'ya."

"To, ina zan je?" in ji ta. "Ɗauko shebur."