Jar Mota, Tanki Cike

Shekara talatin da huɗu Baba Sannu-Sannu ya yi yana tuƙa bas ɗin wata makarantar firamare. Yaran ne suka raɗa masa sunan, don ko an makara ba ya ƙara wuta. Ya kwashi 'ya'yan mutane safe da rana, har wasunsu suka girma suka haifi nasu suka kawo masa. Amma jikarsa ɗaya tal, wadda yake tsokana da Amarya, ba ta taɓa shiga motar da yake tuƙawa ba. A waya kawai ya san ta. Ubanta, ɗansa ke nan da kowa ke ce wa Injiniya, yana aiki a wani gari mai nisa, irin nisan da sai jirgin sama, kuma rabonsa da gida tun rasuwar uwarsa, shekara shida ke nan.

Sai ga shi bana ya ce za su zo hutu na kwana biyar. Baba ba shi da mota, tun ranar da ya yi ritaya ya miƙa makullin bas ya dawo gida a ƙafa. Injiniya ya ce kada ya damu, za su riƙa kiran tasi ta waya. Baba ya ce Allah ya kiyaye, yana raye wani ƙato da bai san hannunsa ba ya ja masa jika. Hayar mota zai ɗauka, kuma shi zai tuƙa.

Kamfani uku ya zaga a yini ɗaya. Na farko duk gilashi ne da sanyin na'ura, wani saurayi mai ƙamshin turare ya karɓi lasisinsa da yatsu biyu, ya duba, ya ce su ba sa bai wa wanda ya haura shekara saba'in mota. Bai ko ce ya zauna ba. Na biyu a bayan wani gareji yake, da araha ƙwarai, mai wurin ma har da kawo kujera da ruwan sanyi. Baba ya durƙusa ya shafa tayoyin motar da babban yatsa, ya ji sun suɗe sumul kamar bayan cokali, ya buɗe ƙofa warin taba ya buge shi. Ya yi godiya da ruwan ya kama gabansa.

Na uku ɗan ofis ne a gefen titi, da fili a baya inda motoci ke jere. Wata budurwa mai tabarau ce a kan kanta. Ta miƙe ta gaishe shi, ta karɓi lasisin da hannu biyu, ta daɗe tana duban ranar haihuwarsa.

"Baba, mu muna bayarwa har zuwa shekara saba'in da biyar," in ji ta. "Kai kuma wata mai kamawa za ka cika. Wannan karon dai babu matsala."

"Na gaba fa, 'yata?"

"Na gaba kwamfuta ba za ta karɓa ba, ko da ni na so."

Baba ya gyara zama. Bai ji daɗin maganar ba, amma ya ji daɗin yadda aka faɗa masa ita kai tsaye. Ya ce to, ai sau ɗaya yake nema. Sannan ya tambaya ko suna da ja, don da ya tambayi Amarya irin motar da take so, ba ta yi wata-wata ba ta ce ja. Aka yi sa'a akwai guda ɗaya, ƙarama mai ƙofa huɗu.

Da aka zo kan inshora ne suka ɗan ja. Yarinyar ta ce akwai ƙarama, wadda in an ƙwarzane mota shi zai ɗauki wani kaso na gyara, akwai kuma cikakkiya, wadda ta haɗa gilashi da tayoyi da komai. Baba ya ɗaga haɓa ya ce shekara talatin da huɗu ko fitila bai taɓa fasawa ba, ta je ta tambaya. Ta yi murmushi ta ce ba hannunsa take tsoro ba, hannun sauran masu hanya ne. Ya ce su ma ya san maganinsu. Sai ta ƙara da cewa cikakkiyar ta haɗa har da fasinjan da ke ciki, in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye. Nan Baba ya sauke haɓar tasa. Ya ce ta rubuta cikakkiyar, in akwai wadda ta fi ta cika ma ta rubuta.

"Direba na biyu fa? Wa za mu sa?"

"Babu."

"Ai ka ce ɗanka zai zo. In ka gaji ya karɓe ka."

"'Yata, direba ɗaya ne a motar nan. Shi ya zauna a gefe ya yi ta latsa wayarsa, abin da ya iya ke nan."

Saura maganar mai. Hanya uku ce, in ji ta. Ko ya karɓi mota tanki cike ya dawo da ita cike. Ko ya dawo da ita yadda ta samu, su cika da kansu a farashinsu, wanda ita ma ba ta ba shi shawara ba. Ko kuma ya biya tankin gaba ɗaya yanzu, ya dawo da ita ko da ɗigo babu, sai dai abin da ya rage a ciki ba a mayar masa da komai a kansa.

Kowane tsohon direba ya san ta farko ce daidai, kuma Baba ya fi kowa sani, shi da ya sha yi wa ƙananan direbobi faɗa a kan ɓarnar mai. Amma ya ciro wata takarda daga aljihun gaba ya warware ta a kan kanta. Ya zana tafiyar kwana biyar ɗin da biro: gidan namun daji, bakin tafki, tsohuwar makarantarsa don Amarya ta ga inda bas ke tsayawa, maƙabarta, sai doguwar hanyar nan mai itatuwa da ke fita bayan gari. A lissafinsa tankin zai ƙare ƙaf ranar ƙarshe. Kuma ba ya son a ce ranar rabuwa ya ɓata rabin awa a layin gidan mai alhali yarinya na zaune a baya. Ya ce ta rubuta ta ukun. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ya tabbata? Ya ce bai taɓa tabbata da abu kamar wannan ba. Aka ƙara masa kujerar yara, ya sa hannu wuri huɗu.

Ranar Litinin da safe ya karɓi motar. Suka zagaya ta tare, ita da takarda, shi da yatsa, har ya nuna mata wani ɗan ƙwarzane a ƙasan ƙofar baya da ita ba ta gani ba. Ya ɗaura kujerar yaran da kansa, ya jijjiga ta, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya shiga ya ja kujerar direba gaba, ya daɗe yana murɗa madubin tsakiya har ya tsaya inda yake so. Da ya kama sitiyari sai ya ji kafaɗunsa sun koma inda suka saba, abin da rabonsa da shi tun ritaya.

Ya isa filin jirgin sama saura awa guda jirgi ya sauka. Ya tsaya a bakin ƙofar fitowa, hula a gyare, makulli a hannu yadda za a gan shi. Fasinjoji suka fito, aka yi ta rungume-rungume, aka watse. Ya jira har masu tura kaya suka koma suka zauna. Sannan ya kira Injiniya.

"Haba Baba, ba ka ga saƙona ba? Tun jiya na turo."

Baba ba ya buɗe saƙo, kira kawai ya sani, kuma Injiniya ya san haka sarai. Abin da saƙon ya ƙunsa shi ne wani babban aiki ya taso, an soke wa kowa hutu, ba yadda zai yi. Ya yi ta ba da haƙuri, da gaske kuma yake, muryarsa duk a gajiye.

"Hutu mai zuwa, Baba, in Allah ya yarda. Wata huɗu ne kawai. Motar kuma ka mayar musu, zan ji da komai."

Baba ya buɗe baki zai ce wata huɗu ya yi yawa, ya gaya masa maganar kwamfuta da shekara saba'in da biyar. Sai ya ji ba zai iya roƙon ɗansa ba. Ya ce Allah ya taimaka, aiki ai shi ne gaba. Aka miƙa wa Amarya waya.

"Kaka, ka samo ja ɗin?"

"Na samo, Amarya. Ja wur."

"Ka ajiye mini ita, kar ka ba kowa."

"Wa zan ba? Taki ce."

Bai mayar da motar ba. Ya kai ta ƙofar gida ya ajiye a ƙarƙashin inuwa. Kullum da safe sai ya fito da bokiti da tsumma ya wanke ta, ya goge gilashi, ya duba ruwa da baƙin mai, ya tayar da ita ta ɗan yi ɗumi, ya kashe. Maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya leƙo ya ce ina baƙin, Baba ya ce suna tafe. Kwana biyu da ya sake tambaya, Baba ya ce aiki ya riƙe su, mutumin bai ƙara tambaya ba.

Ranar Laraba ya ce bari dai ya je tafkin, tunda an biya mai. Ya shiga, ya ɗaura bel, ya fita har shataletalen farko. Can ya kai ido kan madubi, kamar yadda ya saba yi duk bayan 'yan daƙiƙu shekara da shekaru, sai ya ji shirun motar ya yi masa yawa. Shi da ya saba da ihu da kuka da faɗa a kan wurin zama kusa da taga, bai san yadda ake tuƙa mota shiru ba. Kewa ta kama shi, ta matarsa da ta yaran bas da ta yarinyar da bai taɓa ɗauka ba, duk a lokaci ɗaya. Ya zagaya shataletalen ya dawo gida.

Ranar Juma'a da hantsi ya mayar da motar. Mai tabarau ta fito da takardarta tana fara'a, ta ce ina Amarya, an sha yawo? Ya ce ba su samu zuwa ba. Ta zagaya motar, babu ko ƙura. Ta leƙa ciki ta duba kilomita, ta duba allurar mai, wadda da ƙyar ta motsa daga inda ta bar ta.

"Baba, ka san man nan ba a mayar da komai a kansa."

"Kin faɗa mini, 'yata. Ni na zaɓa."

"Motar taka ce har ƙarfe biyar. Ka je ko ina ne mana, ka sha iska."

"In je ina?" Ya miƙa mata makulli. Sai kuma ya riƙe bai saki ba. "Sun ce wata huɗu za su zo."

Ta cire tabarau ta goge shi da gefen mayafinta, ta mayar. Ta ce ɗansa zai iya ɗauka da sunansa, za ta ajiye musu ja ɗin in tana nan. Shi kuma Baba ya zauna a baya kusa da jikarsa, ai ya fi ma, za su sha hira.

"A baya," in ji Baba. Ya saki makullin.

Za ta kai motar fili ta jera ta cikin sauran, tafiyar da ba ta wuce taku hamsin ba. Sai ta ji ya buɗe ƙofar baya. Ya ce in ba damuwa ta tafi da shi, yana so ya ji yadda wurin yake, don rabonsa da zama a bayan mota ya manta. Ya shiga da ƙyar, gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba, ya ja bel ya ɗaura, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗora ɗaya a kan kujerar yaran.

Ta shiga ta tayar, ta ɗaga ido don ta duba baya. Ba ta ga titi a madubin ba, ba ta ga fili ba. An karkatar da shi ƙasa, gefe ɗaya, daidai kan kujerar yaran, inda fuskar yarinya 'yar shekara biyar za ta kasance. Ta kai hannu za ta gyara, sai ta fasa, ta waiwaya da wuyanta ta yi baya a hankali.

"Yawwa," in ji Baba daga baya. "Sannu-sannu, 'yata."